Yadda makarantar 'ya'yana ta sa na bi gida-gida neman ƙuri'a a Minneapolis

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Zariya ce. A can na yi karatu har na samu takardar koyarwa, na ɗan riƙe aji a firamare kafin aure ya mai da ni Kaduna. A 2007 maigidana ya dace a cacar bizar Amurka, lokacin ana yi da 'yan Najeriya, muka tattara muka taho da ɗanmu na fari yana ɗan shekara uku. Wani abokinsa ne ya sauke mu a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, daga baya muka samu namu wurin a unguwar Cedar-Riverside, inda 'yan Somaliya suka fi yawa, sai Oromo na Habasha da ɗaliban Jami'ar Minnesota. Shi yana tuƙi, ni kuma na kama aikin kula da tsofaffi da masu naƙasa a gidajensu. Har yau shi nake yi.

Duk lokacin da zaɓe ya zo, 'yan'uwa daga gida sukan kira su tambaye ni wa zai ci shugaban ƙasa. Ba wanda ya taɓa tambayata wa ke wakiltar unguwarmu a majalisar dokokin jiha, balle wa ke zaune a hukumar makarantun birni. Ni kuwa waɗannan kujeru biyu su ne suka taɓa tukunyata da karatun 'ya'yana fiye da duk wanda ya zauna a Fadar White House. Shi ya sa nake son in ba da labarin yadda na tsinci kaina ina yi wa wani bawan Allah, Mohamud Noor, yaƙin neman zaɓe, mutumin da ba ƙabilarmu ɗaya ba, ba ƙasarmu ɗaya ba.

Abin ya faro ne daga ɗana. Da ya kai aji biyu karatu ya tsaya masa. A gida Hausa muke yi, a waje Turanci da Somaliyanci ke shiga kunnensa, yaron ya zama mai shiru, in aka ba shi littafi sai ya yi ta kallon hoto. Ni da na koyar da 'ya'yan wasu, na zauna da nawa ina kasa gane inda gizo ke saƙar, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Malamar da ke taimaka wa yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne mutuniyar kirki ce, amma yaran da ke hannunta sun yi mata yawa, ɗan lokaci kaɗan take samu da kowane rukuni. Wata rana na tsaya bayan an tashi na tambaye ta me zai hana a ƙaro mata mataimakiya. Ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ban taɓa mantawa ba. Ta ce shugabar makaranta abin da aka ba ta take rabawa. Masu rabon su ne hukumar makarantun birni, mutum tara da jama'a ke zaɓa, shida daga shiyyoyi, uku daga birni baki ɗaya. Su ne ke ɗaukar babban shugaban makarantu, su amince da kasafi, su yanke wace makaranta za a rufe, wace unguwa za ta je wace makaranta. Amma mafi yawan kuɗin da suke rabawa daga jiha yake fitowa, bisa lissafin kan kowane ɗalibi, kuma majalisar dokokin jiha da ke St. Paul, babban birnin jihar, ita ce ke yanke nawa ne, har da ƙarin da ake ba yaran da ke koyon Turanci da adadin shekarun da za a biya musu.

A Zariya na san sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, naɗa shi ake yi, iyaye ba su da ta cewa. Jin cewa a nan zaɓen su ake yi, kuma kowa yana iya zuwa zamansu ya yi magana, shi ya sa na nemi ranar da za su zauna na je. Ana ba kowane mai magana 'yan mintuna, agogo yana tafiya a gabansa. Ban yi magana ba ranar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ganin wani baƙar fata Musulmi a cikin masu zaman, ana kiran sunansa da girmamawa. Marigayi Hussein Samatar ke nan, wanda aka zaɓa a 2010, ɗan asalin Somaliya na farko da ya ci zaɓen wani muƙami a Minnesota. Shiyyarmu yake wakilta. Allah ya yi masa rasuwa a watan Agustan 2013 bayan fama da kansar jini, yana da shekara 45. Unguwar ta yi kukan rashinsa, Allah ya jiƙansa. Akwai hanyar ƙafa da keke da ta haɗa Cedar-Riverside da tsakiyar birni, sunansa aka sa mata.

A watan Disamba na wannan shekarar hukumar ta naɗa Mohamud Noor ya ƙarasa wa'adin marigayin. A lokacin ne na fara jin tarihinsa. Yaƙin Somaliya ya kore su zuwa Kenya, ya iso Amurka a ƙarshen shekarun 1990, ya yi karatun kwamfuta, ya yi aiki a ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jiha, ya kuma jagoranci ƙungiyar al'ummar Somaliya da ke taimaka wa sababbin zuwa. Ya taɓa neman kujerar sanatan jiha a zaɓen cike gurbi na 2011, ya zo na biyu a zaɓen fidda gwani bayan Kari Dziedzic. Ni abin da ya ja ni gare shi bai wuce yadda yake sauraro ba. In uwa ta tsaya gabansa tana kame-kame da Turancinta, ba ya duba agogo, ba ya ƙarasa mata magana. Wanda ya taɓa tsayawa a ofis harshe ya gagare shi ya san darajar wannan.

A 2013 ɗin ne kuma ni da maigidana muka yi rantsuwar zama 'yan ƙasa. Don haka da labari ya bazu cewa Noor zai nemi kujerar majalisar wakilai ta jiha, mazaɓa ta 60B, ina da ƙuri'a a hannuna karo na farko. Wasu sun yi ta cewa ya yi gaggawa, jiya-jiya aka ba shi kujerar makaranta. Ni ban ga haka ba. Na riga na ji daga bakin malamar ɗana inda kuɗin ke fitowa, kuma na ga da idona yadda hukumar ke zama tana jan gajeren bargo, a rufe kai ƙafa ta fito. Mutumin da ya zauna a wannan teburin ya ga haka, in ya ce zai je inda ake yanke girman bargon, a wurina ya yi tunani mai kyau.

Wadda ke kan kujerar ba ƙaramar mace ba ce. Phyllis Kahn tana majalisar tun 1973. Masaniyar kimiyya ce mai digirin digirgir, ita ce ta kawo dokar 1975 da ta taƙaita shan taba a cikin gine-ginen jama'a, irinta ta farko a Amurka, ta kuma yi tsayin daka a ba 'yan mata dama a wasannin makaranta daidai da maza. Ban taɓa yarda a zage ta a gabana ba. Tana da magoya baya a cikin 'yan Somaliyan ma, har da Abdi Warsame da ya ci kansila a 2013. Abin da muke cewa shi ne unguwar ta sauya, matsalolinta sun sauya, muna son wanda ya ɗanɗana abin da muke ɗanɗana.

A mazaɓarmu jam'iyya ɗaya ce ke ci, DFL, reshen Dimokurat na Minnesota. Saboda haka zaɓen Nuwamba cika sharaɗi ne kawai, ainihin karawar a cikin jam'iyya take. Matakin farko taron maƙwabta ne: 'yan kowace rumfar zaɓe su taru da dare su zaɓi daliget, daliget ɗin su je babban taron mazaɓa, wanda ya samu kashi 60 cikin 100 shi jam'iyya ta tsayar. In ba wanda ya kai, ko wani bai yarda ba, sai a tafi zaɓen fidda gwani a watan Agusta, kowa ya jefa ƙuri'a.

Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda nake kira Hajiya, ita ta ja ni taron. Ran 4 ga Fabrairu, 2014, a cibiyar Brian Coyle. Wannan hunturun ya yi tsanani, a watan Janairu har gwamna Mark Dayton ya rufe makarantun jiha gaba ɗaya saboda sanyi. Duk da haka wurin ya cika ya batse, tsofaffi da sanduna, mata da goyo, samari a tsaitsaye. Gardama ta tashi kan wanda zai jagoranci zaman, murya ta hau murya, daga nan aka fara ture-ture. 'Yan sanda suka shigo suka watse taron. Wata matashiya jami'ar jam'iyya ta ji rauni a kai har aka kai ta asibiti. Sunanta Ilhan Omar, a lokacin ba kowa ya san ta ba. Kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifi. Ni dai na riƙo hannun Hajiya muka fito muna salati.

Da na isa gida maigidana ya riga ya ji. Ransa a ɓace ya ce, "Maman yara, mun baro siyasar sara-suka a gida, shi ne za ki je ki nemo ta a nan? Ki rufa mana asiri." Na ce, "Abban yara, ka yi haƙuri. Yaron nan namu ne, in ban je ba wa zai je masa?" Bai amsa ba a daren. Bayan kwana biyu ya ce in zan je in dinga faɗa masa inda nake, kuma kar in wuce isha'i. Aka sake taron a harabar jami'a cikin tsaro, ya tafi lafiya. A babban taro na watan Afrilu ba wanda ya kai kashi 60, aka ce sai Agusta.

Nan aikin ya fara, kuma nan ne na fi son in tsaya, domin abin da na gani ya sha bamban da siyasar da na taso na sani. Ba gangami da motoci, ba maroƙa, ba rabon atamfa ko sabulu. Za a ba ka takarda mai sunayen masu rajista, lambar ƙofa da shekaru, ka bi ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙwanƙwasa, ka gabatar da kanka, ka tambayi mutum abin da ke damunsa, ka rubuta ko yana tare da ku, ko yana shakka, ko ba ya yi. Mai shakka a koma masa. Wanda ya ce yana yi a tambaye shi ranar da zai je, da wanda zai kai shi. Jama'a ne ma ke ba ɗan takara kuɗi, kuma a lokacin jihar tana da tsarin mayar wa mutum har dala 50 daga gudummawar siyasar da ya bayar, don talaka ma ya sa hannu. Da na faɗa wa yayata a waya cewa na cire daga albashina na ba ɗan siyasa, sai da ta sa na maimaita.

Azumin wannan shekarar ya faɗo daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, kuma a Minnesota rana ba ta faɗuwa a lokacin sai wajen tara na dare. In na tashi daga aiki sai in ɗauki takardata in shiga dogayen benayen Riverside Plaza, mafi tsawonsu hawa 39, in hau sama in dinga sauka ina bin ƙofofi. Saboda hijabina kowa da Somaliyanci yake tare ni, in ce ni 'yar Najeriya ce, sai mamaki ya kama su, wasu tsofaffin su ce sai na shigo na zauna. Na sha ruwa a gidajen mutanen da ban taɓa gani ba, da dabino da sambusa. A waɗannan ɗakunan na ji abin da ba a faɗa a taro. Uwa mai ɗa da ba ya magana, ta shekara tana jiran a duba shi. Tsoho da aka rage masa awannin mai kula da shi. Yarinya da ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta shiga kwaleji aka ce sai ta koma ajin share fage. Da yawansu sun ɗauka ƙaddara ce kawai. Aikina shi ne in nuna musu cewa akwai wani ɗaki a St. Paul inda mutum 134 ke ɗaga hannu a kan waɗannan abubuwa, kuma ɗaya daga cikinsu namu ne.

Mazaɓar ba benayen kaɗai ba ce. Akwai unguwannin Seward da Prospect Park, inda malaman jami'a da tsofaffin Turawa suke, mutanen da suka shekara arba'in suna zaɓen Kahn. Can ma an tura ni. Wasu sun rufe ƙofa da ladabi, wasu sun tsaya sun yi mini tambayoyi masu zafi kan haraji da kasafi, suka sa na koma na yi karatu. Wata tsohuwar malama ta ce ba za ta bar Kahn ba, amma ta riƙe hannuna ta ce ta ji daɗi da na zo. Su waɗannan ba sa fashin zaɓe ko ana ruwan ƙanƙara. Ɗalibai kuwa, da su ne kaso mai yawa na mazaɓar, a watan Agusta suna hutu, sun watse. Shi ya sa mazaɓa mai mutum kusan dubu arba'in, 'yan dubbai kaɗan ne ke yanke mata hukunci.

Dokokin zaɓen jihar sun taimaka mana. A shekarar ne aka fara barin kowa ya jefa ƙuri'arsa tun kafin ranar zaɓe ba sai ya kawo uzuri ba, kwana 46 ƙofa a buɗe. Muka dinga kwasar tsofaffi a mota muna kai su. Kuma a Minnesota mutum yana iya yin rajista a ranar zaɓen kanta, in ba shi da takardar shaidar adireshi maƙwabcinsa mai rajista ya rantse ya tsaya masa.

Ran 12 ga Agusta aka ƙirga. Kahn ta samu wajen kashi 54, Noor wajen 46, tazarar 'yan ɗaruruwan ƙuri'u. Na yi kuka a daren, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ƙofofin da suka ce za su je ba su je ba, na san fuskokinsu. Wani aikin dare ya yi ya kwana, wata ba ta samu mai riƙe mata yara ba. Ban ji haushinsu ba, don rayuwar da suke yi ita nake yi.

Zaɓen 2016 shi ne ya fi yi mini wuya, kuma ba don sakamakonsa ba. Noor ya sake fitowa, Kahn tana nan, sai ga Ilhan Omar ita ma ta fito. Ƙawayena da muka hau benaye tare a 2014, da yawansu suka koma wajenta. Suna da hujja. Mace ce, Musulma, mai ɗankwali, mai kaifin baki, ta iya haɗa ɗalibai da matasa yadda ba mu iya ba. Wata aminiyata ta zo har gida ta ce, "Yaya, ke da kike da 'ya mace, ba kya son ta ga mai kama da ita a majalisa?" Maganar ta shige ni, domin ina so. Na kwana ina juya ta. Amma ni ba kama na bi na shiga wannan harka ba, da kama nake nema da ban bi ɗan Somaliya ba tun farko. Na bi mutumin da na gani a teburin makaranta yana bin kasafi layi-layi, wanda ya san ma'aikatar da albashina ke fitowa daga ciki. Kuma na ba shi alƙawari tun yana da rauni, ban ga dalilin janye shi don an samu wadda ta fi shi farin jini ba. Na ce mata, "Ƙanwata, ki yi naki da zuciya ɗaya, ni ma zan yi nawa. Kar dai ya raba mu." Ya ɗan raba mu kam. Mun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu a masallaci.

An yi ta matsa wa ɓangarenmu cewa mu janye, kar a raba ƙuri'ar unguwa Kahn ta sake wucewa. A babban taron Afrilu Omar ce a gaba amma ba ta kai kashi 60 ba, aka sake tafiya Agusta mutum uku. Ran 9 ga wata Omar ta ci da wajen kashi 41, Noor ya zo na biyu, Kahn ta uku da ɗan bambanci ƙalilan tsakaninsu, bayan shekara 44 a kujerar. A Nuwamba na je na jefa wa Omar ƙuri'ata da hannuna, na kuma tafi da 'yata ta ga yadda ake yi. Ta zama 'yar asalin Somaliya ta farko da ta shiga majalisar dokoki a duk faɗin Amurka. A daren ne kuma Donald Trump ya ci, kwana biyu bayan ya sauka a filin jirgin Minneapolis ya yi magana mai ɗaci kan 'yan gudun hijirar Somaliya. Unguwar ta kwana da murna da fargaba a haɗe. Washegari aminiyar tawa ta ƙwanƙwasa ƙofata, muka rungumi juna, ba wadda ta tayar da tsohon zance.

A 2017 Noor ya nemi kansilan shiyya ta shida ya kara da Warsame, ya sake faɗuwa da ƙaramar tazara. Wannan karon ban yi aiki sosai ba, mahaifiyata ba ta da lafiya, na je gida na daɗe. Mutane suka fara cewa ba shi da rabo a siyasa, ya haƙura. Ni ma na ɗauka an gama.

Sai ga 2018. A ranar ƙarshe ta mai da takardun takara, farkon watan Yuni, Keith Ellison ya bar kujerarsa ta majalisar tarayya ya nemi babban lauyan jiha, Omar ta nemi kujerar Ellison, 60B ta zama ba kowa. Noor ya shiga tare da wasu 'yan takara da dama, lokaci kuma ya ƙure, wata biyu da 'yan kwanaki. A nan ne wahalar baya ta yi rana. Ba mu fara daga tushe ba. Mun san wace ƙofa ce ke buɗewa da safe, wace tsohuwa ce sai an zo da mota, wane mai shago ne maganarsa ke da nauyi. Mutanen Seward da suka rufe mini ƙofa a 2014, wasunsu yanzu sun san sunansa, sun ga bai gudu ba bayan faɗuwa. Ɗana, wanda saboda shi na fara, ya kai shekara 14, shi ke riƙe mini waya yana duba sunaye, don an daina takarda. Yaron da littafi ke gagara, shi ke karanta mini adireshi yana gyara mini lafazi. Ran 14 ga Agusta Noor ya ci zaɓen fidda gwani, a Nuwamba ya ci babban zaɓe, a Janairun 2019 aka rantsar da shi. Hajiya ba ta ga wannan rana ba, ta rasu kafin nan, Allah ya kai haske kabarinta.

Ba zan ce zuwansa ya gyara komai ba, mutum ɗaya ne cikin 134, ga majalisar dattawa mai 67, ga gwamna. Amma akwai abubuwan da zan iya nunawa. A ƙarshen Nuwamban 2019 gobara ta tashi a hawa na 14 na wani dogon bene a kan titin Cedar, mutum biyar suka rasu. Ginin tsoho ne, babu bututun feshin ruwa mai kashe wuta a ɗakunan sama, domin an gina shi kafin doka ta wajabta. Na san wannan benen, na bi ƙofofinsa. Noor ne ya ɗauki maganar zuwa majalisa yana neman a tilasta sa bututun a irin waɗannan gine-gine, kuma wadda ta riƙe ta a majalisar dattawa ita ce Kari Dziedzic, wadda ta kayar da shi a 2011. A 2023 ya zama shugaban kwamitin kuɗin ayyukan jin daɗin jama'a, kwamitin da ke duba abin da ake biyan masu aiki irin nawa da awannin da tsofaffina ke samu. A wannan shekarar majalisar ta yi dokar ciyar da kowane ɗalibi karin kumallo da abincin rana kyauta, gwamna Tim Walz ya sa hannu a watan Maris. Ni na san iyayen da ke ɓoye takardar bashin abincin makaranta don kunya, na san abin da dokar ta sauke musu.

Makarantun birnin har yanzu suna cikin matsi. Malamai sun yi yajin aiki na kusan mako uku a Maris ɗin 2022 kan albashi da yawan yara a aji, ɗalibai suna raguwa, kuɗi yana bin kan ɗalibi yana tafiya. Autana yana ciki, don haka ban daina zuwa zaman hukumar ba, kuma yanzu ina magana in lokacina ya zo. Muna da 'yar ƙungiya ta matan Afirka ta Yamma, 'yan Nijar da Gana da Togo da Najeriya, ba mu da yawa kamar 'yan Somaliya, ba a cika lissafi da mu ba. In sabuwar zuwa ta kawo kukan ɗanta, nakan zaunar da ita in yi mata bayanin da malamar nan ta yi mini, in nuna mata sunan wakilin shiyyarta a hukuma da na majalisa, in raka ta zama na farko. Abin da muka sa a gaba bana shi ne a samar da masu fassara na Hausa da Faransanci a ranakun ganawar iyaye da malamai, kuma a ƙara kuɗin da jiha ke warewa yaran da ke koyon Turanci. Na farkon mun kai shi gaban hukuma. Na biyun na St. Paul ne, mun rubuta wa wakilinmu, kuma mun shirya shiga jirgin ƙasa mu je mu zauna a ɗakin kwamiti ranar da za a saurari maganar.